Ciki da falo, kwana uku

Saura kwana tara Sallah ƙarama Baba ya kira ni a waya. Baba ba ya doguwar magana a waya, gani yake kowane minti dala ce ke zuba ƙasa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce:

"Muna tahe Yamai bayan Salla da kwana biyu, ni da uwarka da yaran nan. Ka nemo muna masauki na kwana ukku. Ba otel ba. Kuma da ɗaki daban."

Kafin in ce "Baba, nawa ke hannu?" ya kashe. Sai da dare ƙanena Sani ya aiko mini saƙo da wayar Baban cewa jika sittin aka ware ma wurin kwana, ko dala ba za ta hau kai ba.

Asalin tafiyar alkawari ne. Sani ya zo na ɗaya a ajinsu, Baba kuma ya taɓa cewa a gaban mutane, duk ranar da yaron nan ya zo na ɗaya sai ya kai shi ya ga zaki da idonsa. Ya faɗa ne lokacin Sani yana na ashirin da wani abu, bai zaci za a kama shi da bakinsa ba. Aka yi sa'a aya ta yi kuɗi a wannan shekara, mu kuwa mutanen Gazawa da Agiye kun san aya ita ce bankinmu. Rabi, autarmu, ta ce in ba da ita ba to ba mai zuwa. Inna ba ta ce komai ba, amma ta kai atamfa ɗinki. Ita haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Agiye, iyakar tafiyarta yamma Gidan Rumji, inda ƙanwata Hadiza ke aure. Ba ta taɓa ganin kogi ba.

Ni da nake shekara ta uku a sashen nazarin harshe na Jami'ar Abdu Mumuni, ana ganin Yamai a tafin hannuna take. Gaskiyar magana, abin da na sani a Yamai shi ne hanyar aji, hanyar gidan cin abinci, da mai shayin bakin ƙofa. Ban taɓa biyan kuɗin kwana a ko'ina ba.

Kalmomi uku Baba ya ba ni, kuma tunda aikinmu kenan a aji, sai na zauna na warware su. Masauki daga sauka ya fito, da ma- a gaba, kamar makwanci daga kwanta, mazauni daga zauna. Wurin da aka sauka kenan. Amma a bakin mutanenmu masauki ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai da mai masauki, wato mutum. Shi zai kawo ruwa, ya aiko da tuwo, in kayanka ya ɓata ya shiga nema, in ka yi rigima a kasuwa shi za a kira. Fataken da suka bi hanyar Gwanja haka suka rayu a zango-zango. Otel kuwa kalma ce da ta shigo da tsabtarta daga bakin Turawa, ta zo ƙasarmu ta yi datti. A kunnen Baba, otel wuri ne da ake sayar da giya, ake shiga da matar da ba taka ba. Kuna iya cewa bai yi adalci ba, akwai otel-otel na mutunci, ni ma na yarda. Sai dai ba ni zan koma Gazawa in zauna a majalisa ana cewa Malam wane ya kai iyalinsa otel ba.

Kalma ta uku ita ce ta fi nauyi. Ɗaki a Hausa ba bango huɗu da rufi ba ne kawai. Mace in ta yi yaji aka yi biko, cewa ake ta koma ɗakinta. Ƴaƴan da suka haɗa uwa, ƴan ɗaki ɗaya ne. Akwai uwar ɗaki, akwai mai ɗaki. A gidanmu Baba yana da turakarsa, Inna tana da ɗakinta, ni tun ina shekara goma sha ɗaya aka mai da ni shigifar da ke kusa da zaure. Malamanmu na allo sun koya mana cewa addini ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, al'ada kuma ta ɗora nata a kai. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka raɗa shi, "wancan" take cewa, ko "ɗan lakwal ɗin nan". Ba ta cin abinci a gabana. To ku yi tunanin a ce ta kwance ɗankwali ta miƙe ƙafa a ɗakin da nake ciki. Gara ta kwana zaune, kuma na san za ta kwana zaunen ba tare da ta yi ƙorafi ba. Abin da Baba ke nufi da "ɗaki daban" kenan, bai buƙaci ya yi bayani ba.

Akwai hanya mai sauƙi, ita ce kuma mai haɗari. Kawu, ƙanen Inna, yana Yamai shekara goma sha biyar, yana sayar da kayan gyaran babur. Bisa ƙa'idar zumunci gidansa ne masaukinmu, ba sai an tambaya ba. Amma na san gidan. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, irin wanda ake kira antire-kushe, kana shiga ka iske gado. Shi da matarsa da ƴaƴa biyar. In muka sauka can, Kawu da Baba za su kwana a ƙofar gida, matarsa za ta ci bashi ta yanka kaji, yara bakwai za su jeru kamar buhunan gero. Za su yi mana da fara'a, su yi wata biyu suna biyan bashin. In kuma muka ƙi sauka, an ce mun raina shi. Na gaya wa Baba wannan, ya ce: "Kai dai nemo ɗaki. Kawunka ni na san yadda zan yi da shi." Bai sani ba, kamar yadda za ku ji.

Na fara nema a waya, kamar kowane ɗan zamani. Ka rubuta masaukin iyali da Faransanci, abin da zai fara fito maka ba Yamai ba ne. Hotunan otel-otel ne na kusa da Disneyland, wanda aka buɗe a Amurka a 1955, aka yi wani kusa da Paris a 1992. Can ma iyaye na ta muhawara a kan ɗaki daban, abin ya ba ni dariya. Su matsalarsu yara su yi barci da wuri, iyaye su samu su kunna fitila su yi hira. Wato su ma ƙofa suke nema tsakaninsu da ƴaƴansu, dalili ne ya bambanta. Na rufe shafin, don kuɗin kwana ɗaya a can ya fi kuɗin ayar da Baba ya sayar.

Manyan otel-otel na tsakiyar Yamai, irin Gaweye da ke bakin kogi dab da gidan kallo, da Radisson Blu da aka buɗe a 2019, shekarar da aka yi taron ƙungiyar Tarayyar Afirka a nan, waɗannan ko ƙofarsu ban tunkara ba. Na bi ƙananan wurare da ƙafa, bayan la'asar, da azumi a baki.

A wuri na farko na yi kuskuren da bai kamata ɗalibin harshe ya yi ba. Na ga an rubuta "chambre double" da farashin da ya yi mini daidai, na ɗauka ɗaki biyu ne. Yaron da ke riƙe da makullai ya buɗe mini ɗaki ɗaya da gado ɗaya mai faɗi. Na ce ina na biyun? Ya dube ni kamar yau na sauko daga motar ƙauye. Biyun na mutane ne, ba na ɗaki ba. A wuri na biyu aka ce akwai "chambre familiale", ɗakin iyali. Na ji daɗi. Ɗaki ne babba da gado uku a jere kamar asibiti. Ga wanda ya raɗa wa ɗakin suna, iyali mutane ne da za su iya kwana wuri ɗaya. A gidanmu kuwa iyali su ne mutanen da ya wajaba a raba wa makwanci. Na rubuta wannan a littafina, na ce wata rana zai yi amfani a jarrabawa. Wuri na uku yana da ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, amma kafin ka kai gare su sai ka ratsa ta gaban masu shan giya. Na juya tun daga nan.

Wani abokina ɗan Tasawa ne ya ce in daina neman otel, in nemi mebule, wato gidan haya mai kaya a ciki da ake bayarwa na kwanaki. Ya haɗa ni da dillali. Abin da muke kira shambur-salon a nan, ƴan uwanmu na Kano da Katsina ke kira ciki da falo, kuma ni na fi son tasu, don kalmar ciki ta faɗi aikin ɗakin: wurin da ido ba ya kaiwa.

Gidaje huɗu dillalin ya nuna mini cikin kwana biyu, a nan na koyi abin da hoto ba ya nunawa. Na farko yana da kyau, har da kilim, amma tsakanin cikin da falon labule ne kawai. Labule yana tare ido, ba ya tare tari ko minshari ko kukan jariri, ba ya kuma ba mace natsuwar da sakata ke ba ta. Na biyu yana da ƙofa ta gaske, sai dai bayan gidan a cikin ɗakin kwana yake. Dillali yana ta yabon wannan, wai irin na Turawa. Na tambaye shi, in Baba yana falo ya tashi alwalar asuba, ta kan wa zai bi? Ya yi shiru. Na uku jika talatin da biyar ne kwana ɗaya, ban tsaya dogon ciniki ba.

Na huɗu yana nan gefenmu, Harobanda, ba nisa da jami'a. Gida ne na wata hajiya, ta ware ɓangare ɗaya tana bai wa baƙi. Fentin ya tsufa, ba kilim, bantilate biyu ne, ɗaya na ƙara kamar injin niƙa. Amma akwai ƙofar katako mai sakata tsakanin ciki da falo, bayan gida da wurin wanka a tsakar gida suke, akwai randa da tanki saboda ranar da pampo ya ƙi, akwai rumfa da murhun gawayi, masallaci kuma ana jin kiran sallarsa daga ɗakin. Hajiya ta tambaye ni su wa za su zo. Na lissafa. Ta ce: "Ɗan nan, in dai uwarka ce da ubanka, ba ni ƙidaya kawuna." Muka tsaya a jika ashirin kwana ɗaya. Kuɗin Baba cif. Ladan dillali daga burs ɗina ya fita, ban gaya wa kowa ba sai yau.

Tsarina mai kyau ne a takarda: Inna da Rabi a ciki, Baba da Sani a falo, ni in riƙa zuwa da safe daga ɗakinmu na jami'a.

Ranar tafiya suka kwana Maraɗi, suka shiga motar asuba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: Tsibiri, Gidan Rumji, Galmi mai albasa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Na gaya wa Sani ya buɗe ido in sun kusa Kure, nan ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke, wani lokaci ana hango su daga titi. Barci ya kwashe shi tun Doso.

Da yamma ina tsaye a tasha, mota ta tsaya. Baba ya sauko, Sani, Rabi, Inna. Sai ga Hadiza da goyo. Ban gama mamaki ba sai ga mijinta a baya, yana riƙe da buhun ƙuli-ƙuli da kaji biyu, yana ta sunkuyar da kai. Ashe Hadiza ta ji labari ta yi ta kuka a waya, Inna ta sa baki, aka saya musu tikiti su hau a Gidan Rumji. Mijin kuma ya ce ba zai bar ta ta yi wannan nisa da jariri ba. Kowa ya sani ban da ni.

Yanzu ku lissafa tare da ni. Hadiza da jariri za su shiga ciki wurin Inna, wannan ba matsala. Mijinta fa? Ciki haramun ne gare shi. Falo kuma surukinsa na nan, mutumin da in ya hango a hanya yake cire takalmi ya durƙusa, bai taɓa cin ko goro a gabansa ba. Ɗaki biyu na nema, ashe kunyar gidanmu ta ɗaki uku ce. Muka tsaya a tsakar gidan Hajiya kowa na kallon ƙasa. Shi ya fara magana, a hankali, ni yake wa amma don Baba ya ji:

"Yaya, ni masallaci ma ya ishe ni."

Baba ya yi kamar bai ji ba. Na ce ya taho mu tafi jami'a. Ɗakinmu an yi shi don mutum biyu, mu shida ke ciki, kun san zancen, ba sai na faɗa muku ba. Hutun Sallah ya rage mu zuwa uku, ya samu katifa. Daren nan ya yi ta tambayata ko da gaske a haka muke karatu har mu zama manyan mutane.

Da safe muka iske Baba a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Kuran ya ɗauke tsakar dare, zafin Yamai na watan Afrilu kuwa ba ya wasa, sai ya fito waje da Sani. Falon da na sha rana ina nema ba wanda ya kwana a cikinsa sai kaji biyu da buhun ƙuli-ƙuli. Na ji haushi, ban ɓoye ba. Amma da Inna ta fito, na ga idonta ba irin na wadda ta kwana zaune ba ne. Hadiza ta ce mini sun sa sakata, sun buɗe taga, sun zuba ruwa a siminti, Inna ta yi barci har sai da aka tashe ta sallah.

Gidan kallon ya cika maƙil, kamar yadda yake yi duk Sallah. An kafa shi a 1959, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokoki. Sani ya ga zakinsa, yana kwance ya juya mana baya, ko motsi bai yi ba. Ya ce na cikin littafi ya fi. Abin da ya kama shi ƙasusuwan manyan dabbobin da ne da aka tono a hamadar Agadas, da na wani kada mai tsawon da ya fi motar da ta kawo su. Rabi ta tsaya wurin dorina ta ƙi tafiya. Baba ya daɗe a gaban itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har wata babbar mota ta kaɓe shi a 1973, aka kwaso gawarsa aka kawo nan. Ya ce duk faɗin dajin Allah direba bai ga wurin bi ba sai kan itace ɗaya. Inna kuwa ba zaki ba dorina, kogi ne ya tsaya mata a rai. Da muke ƙetare gadar Kennedy ta riƙe hannun Hadiza gam, tana salati, amma ba ta rufe ido ba.

Kawu ya ji a rana ta biyu. Ba Baba ya gaya masa ba, wani ɗan garinmu ne ya gan mu a gidan kallo. Ya zo bayan magariba a kan babur, bai ko cire hula mai kwano ba. Ya gaida Baba a tsaye, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya juya wajen ƙofar ciki ya ce:

"Yaya, ashe ina garin ga za ki zo ki biya kuɗɗin kwana? Mi na yi muku?"

Ba wanda ya amsa. Baba ya fara zancen cewa ai yaron nan ne ya shirya komai, wato ni. Na haɗiye. Inna ce ta fito, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana ƙarami, ta ce ya shigo. Suka shiga ciki, ta tura ƙofa. Mun fi rabin awa muna zaune a rumfa, ba mu jin komai sai ƙarar bantilate. Ban san abin da ta gaya masa ba, har yau ba ta faɗa ba. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce gobe abincin rana da na dare daga gidansa za su zo, kuma kada wanda ya kuskura ya hura wuta a gidan nan. Baba ya ce to. Kajin Gidan Rumji ma aka ɗaure su a bayan babur ɗinsa.

Haka aka yi. Matarsa ta zo da kwanoni da ƴaƴanta biyar, aka baje a falo, falon ya samu aiki. Kawu ya ci tare da Baba a rumfa, mijin Hadiza ya ɗauki nasa kwanon ya zagaya bayan tanki. Kawu bai yi mini magana ba ranar, bai kuma yi mini ba da muka raka su tasha. Sai bayan wata guda ya kira ni, ya ce wani abokin cinikinsa na Ƙonni zai kawo matarsa asibiti, da uwarta, ko ina da lambar hajiyar nan. Na ba shi. Ya ce: "Ƙofar nan tana da sakata ko?" Na ce tana da. Ya kashe waya.

Daren ƙarshe na tsaya a gidan har goma ina taya su ɗaure kaya. Zan tafi, na ji Inna daga bayan ƙofa tana ce wa Hadiza, da muryar da ta san za ta kai tsakar gida: "Ki ce ma wancan ya ɗauki sauran ƙuli-ƙulin. Ya rame."